Darussan murya kan ruhi da ƙwaƙwalwa daga Nima: inda aka kwana

Asabar, 11 Janairu 2025

Bismillah. Aikin da na daɗe ina faɗa a baki yau dai na sa masa hannu. So nake in yi darussan murya da Hausa, kowanne kamar minti goma sha biyar, in riƙa tura wa matasan Zango ta WhatsApp, namu na Nima da Mamobi da Madina a nan Accra har 'yan uwa na Aboabo can Kumasi, duk a kan tambaya ɗaya: wannan da yake cikinka yana jin zafi, yana jin daɗin koko da ƙosai da safe, yana tuna fuskar mahaifiyarsa, shi wane ne, kuma meye haɗinsa da naman da ke cikin ƙoƙon kanka?

Abin da ya tura ni, yaranmu sun kasu biyu. Waɗanda suka yi sayans a sakandare ko suka tafi jami'ar Legon sun dawo suna cewa ai an gama magana, komai ƙwaƙwalwa ce, lantarki ne da sinadari shikenan. Waɗanda suka tsaya a islamiyya kuma da ka buɗe baki sai su ce kul, ruhi ba a tambaya a kansa. Ni duka biyun ban yarda ba wallahi, kuma abin yana min ciwo, don kowannensu rufe ƙofa yake a kan abin da manyan malamai, namu da na Turawa har da na nan Gana, suka yi sama da shekara dubu suna kai-kawo a kai.

Kayan aiki babu wani abu, wayata ce da ɗakin baya. Matsalar ita ce hayaniya, Nima ba ta barci, ga okada ga janareta ga masu kallon bol, don haka naɗi sai dare ya raba.

Asabar, 25 Janairu

Kafin in naɗi komai na je wajen Malaminmu bayan la'asar, don ba na so in taso da abin da zai zama fitina a unguwa. Na durƙusa na gaishe shi nace Allah gafarta Malam ga abin da nake niyya, amma yara suna kawo min aya ta 85 ta Suratul Isra'i, cewa ruhi yana daga al'amarin Ubangiji kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Ya yi shiru yana jan carbi, can yace ɗana, to kaɗan ɗin da aka ba mu wa yace a zubar da shi? Sai ya sa aka ɗauko masa littafin Ibnul Ƙayyim na ruhi, tsohon bugu ne takardun har sun yi ja, gefe-gefe duk rubutun hannunsa da tawada. Ya nuna min cewa masu tafsiri ma sun saɓa kan wane ruhi ne aka yi tambaya a kansa, wasu sun ce ran ɗan Adam, wasu sun ce Mala'ika Jibrilu, wasu sun ce wani babban mala'ika ne.

Abin da ya fi tsaya min shi ne yadda Ibnul Ƙayyim, almajirin Ibnu Taimiyya da ya rasu a Dimashƙa a 1350, ya siffanta ruhin. Yace jiki ne shi ma, amma ba irin wannan da muke taɓawa ba, mai haske ne mara nauyi, mai rai mai motsi, yana ratsa gaɓoɓi yadda ruwa ke ratsa fure, mai ke ratsa zaitun, wuta ke ratsa gawayi. Kaga kenan a wajensa ruhi yana da wuri, yana shiga yana fita. Masu falsafa irin su Ibnu Sina kuwa cewa suka yi sam ba jiki ba ne, ba shi da tsawo ba shi da faɗi. Ashe gardamar tun a cikin gida take.

Na tambayi Malam batun Imam Gazali tunda ana cewa ya kafirta masu falsafa. Yace a kan abu uku ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Amma binciken rai bai hana ba, shi da kansa ya ware babi guda a Ihya'u kan abubuwan mamakin zuciya. Sharaɗi biyu ya gindaya min, kar in ce wa yara na gano haƙiƙar ruhi, kuma duk inda maganar Bature ce in ce ta Bature ce, kar in lulluɓe ta da aya. Na karɓa hannu biyu. Darasi na 1 ya fita jiya da daddare.

Asabar, 8 Fabrairu

Darasi na 2, mutumin Ibnu Sina da ke rataye a iska. Ibnu Sina an haife shi wajen Buhara kusan 980, ya rasu a Hamadan a 1037, likita ne kuma masanin falsafa. Yace ka ƙaddara an halicci mutum yanzun nan, cikakke da hankalinsa, amma an rufe masa ido, yana rataye a sarari ko iska ba ta taɓa shi, an ware hannuwa da ƙafafu da yatsu yadda babu gaɓar da ke taɓa wata, ba ya jin sauti ba ya jin ƙamshi. Shin zai san akwai shi? Ibnu Sina yace ƙwarai zai sani, alhali bai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba. To tunda ya tabbatar da kansa bai tabbatar da jiki ba, kansa ɗin wani abu ne daban da jikin.

Na gwada wa ƙanwata kafin in tura, ita tana karatun nas. Ta saurara har ƙarshe sannan tace Yaya, rashin sanin abu ai ba ya nuna babu shi. Yaro ya san ruwa sarai bai san haidurojin da oksijin ba, wannan bai sa ruwa ya zama wani abu daban da su ba. Ta kuma ƙara da cewa mutumin ma ba zai rasa ji gaba ɗaya ba, don cikin kunne akwai abin da ke gaya wa mutum yadda kansa ya karkata, ga bugun zuciya ga numfashi, jiki yana yi wa ƙwaƙwalwa magana ta ciki ko da an toshe duk ƙofofin waje. Na sa muryarta a darasin yadda ta faɗa. A ganina tana da gaskiya, a matsayin hujja bai isa ba. Amma ina ganin Ibnu Sina farkar da mutum yake son yi, kuma wannan kam ya yi, don duk wanda ya rufe ido ya bi misalin sai ya ci karo da wani sani da bai shigo ta ido ko kunne ba.

Asabar, 22 Fabrairu

Wannan darasin ya fi kowanne cin lokaci, sai da na raba shi biyu.

René Descartes na Faransa a 1641 ya raba mutum gida biyu, abu mai tunani da ba ya cin wuri, da abu mai cin wuri da ba ya tunani. Da aka matsa masa ina suke haɗuwa sai ya nuna wani ɗan ƙulli a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda yanzu aka san aikinsa fitar da sinadarin melatonin ne mai daidaita barci. Amma wadda ta kama shi da kyau mace ce, Gimbiya Elizabet ta Bohemiya, tana da shekara 24. A watan Mayun 1643 ta rubuta masa wasiƙa tace ya yi mata bayani: abu ba ya motsa wani abu sai ya tura shi, turawa kuma sai da taɓawa, taɓawa sai da gefe da faɗi, to wanda ba shi da ko ɗaya ta yaya yake ɗaga hannu? Ya ba ta amsa ba ta gamsu ba, har tace ya fi mata sauƙi ta yarda rai yana da jiki da faɗi a kan ta yarda abin da ba jiki ba yana motsa jiki. Lura fa, inda ta karkata kusa yake da inda Ibnul Ƙayyim ya tsaya shekara kusan 300 kafin ta. Ni har yau ban ga wanda ya amsa mata amsa mai gamsarwa ba, kuma na faɗi haka a darasin.

Kashi na biyu na mutuminmu ne, Anton Wilhelm Amo. An haife shi kusa da Axim a nan Gana wajen 1703, aka tafi da shi Turai yana ƙaramin yaro, ya tashi a fadar wani sarki a Wolfenbüttel ta Jamus, ya shiga jami'ar Halle a 1727, ya wuce Wittenberg, a 1734 ya kare kundin digirinsa da Latin a kan daidai wannan magana. Ya koyar a Halle da Jena, wajen 1747 ya dawo gida, kabarinsa yana Shama a gefen tsohuwar ganuwar San Sebastian. Ni na yi makaranta a ƙasar nan tun daga firamare ban taɓa jin sunansa a aji ba, wannan kaɗai ya isa dalilin yin aikin nan.

Abin da Amo yace, Descartes ya yi tuntuɓe da yace rai yana shan wahala tare da jiki. Ji, kamar zafi ko sanyi, abu ne da ake yi maka, wani abu ya taɓa ka ya bar alama. Hankali kuwa a wajensa mai aikatawa ne zalla, ba a taɓa shi ba a ratsa shi. Saboda haka ji na jiki mai rai ne, hankali sani kawai yake yi cewa jikin ya ji. Na daɗe ina juya wannan. Tambayar Gimbiya ba ta tafi ba, juyowa ta yi ta ɗaya gefen, don in jiki ne ya ji, ta wace hanya labarin ya isa ga hankalin da ba a taɓawa? Duk da haka ina tare da shi a abu ɗaya, ya ƙi yarda a mai da jiki kamar gawa mai motsi, yace shi kansa naman mai rai shi ke jin zafin.

Wani yaro daga Aboabo ya turo saƙo yana tambaya wai da gaske baƙar fata ne ya koyar da falsafa a Jamus a wancan zamanin. Da gaske ne ƙanena.

Lahadi, 16 Maris

Azumi, na dakata da naɗi, dare na tarawihi ne da sahur. Amma a wajen tafsiri an karanta aya ta 42 ta Suratuz Zumar, Allah yana karɓar rayuka lokacin mutuwarsu, da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu, sai na rubuta a takarda don darasi na gaba. Ƙanwata ta ba ni labarin abin da ta gani a tiyata, allurar barcin nan fara kamar madara da ake kira propofol, ana turawa a jijiya mutum yana tsakiyar magana, kafin minti ɗaya ya cika ya tafi. Tace abin da ke ba ta mamaki ba tafiyar ba ce, dawowar ce, da yawa suna farkawa suna tambayar yaushe za a fara aikin, alhali an gama an ɗinke. Mai barci in ya tashi yakan san dare ya yi nisa, wannan kuwa awannin kamar an yanke su da almakashi. Tun 16 ga Oktoban 1846 da aka nuna tiyata da wani maganin shaƙa mai suna ether a Boston ake kashe hayyacin mutane ana kunnawa, likitoci sun ƙware a yi, sun san inda magungunan ke kamawa a jikin ƙwayoyin jijiya, amma me ya sa hakan ke ɗauke mai ji ɗin gaba ɗaya, har yanzu ana bincike.

Asabar, 12 Afrilu

Bayan sallah na je Madina gaida Kawu. Hawan jini ne ya buge shi bara, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ina zaune ya ɗaga hannun hagu yana nuna kofin ruwa a kan tebur, leɓe yana rawa, sai wannan, wannan, wannan yake iya cewa, ya san abin da yake so sarai kalmar ce ta ƙi zuwa, har ya buga hannun a katifa don takaici. Inna ta ba shi ya sha, ta goge masa baki da gefen mayafinta, sannan tace min saurara ka ji. Ta ja masa Alhamdu lillahi, sai Kawu ya ɗauka, Rabbil alamina, ya bi Fatiha tiryan-tiryan har walad dallin babu inda ya sarƙe. Mutumin da ya kasa cewa ruwa. Na nemi izininsu in ba da labarin ba tare da suna ba, Kawu ya gyaɗa kai.

Likitoci sun san wannan, abin da aka haddace aka maimaita shekara da shekaru yakan tsira ko da ƙirƙirar sabuwar magana ta lalace. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane can magana take. Paul Broca ya nuna haka a Faris a 1861 da wani majiyyaci da ba ya iya cewa komai sai tan, da ya rasu aka buɗe aka ga raunin a gaba ta hagu. Na haɗa da Phineas Gage, shugaban leburorin layin dogo a Vermont ta Amurka, wanda a 13 ga Satumban 1848 baƙin ƙarfe mai tsawon sama da mita ɗaya ya shiga ta kuncinsa na hagu ya fita ta saman kai, bai mutu ba sai 1860. Likitansa ya rubuta cewa halinsa ya canza har abokansa suka ce ba shi ba ne. An yi wa labarin ƙarin gishiri daga baya, don mutumin ya je Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja, aikin da ke son natsuwa, wannan ma na faɗa don kar yara su ɗauki rabin labari.

Da darasin ya fita, abokina mai gyaran waya a Circle ya kira ni yace duk wannan bai nuna komai ba, ƙwaƙwalwa rediyo ce ruhi kuma tasha, in rediyo ta lalace murya ta shaƙe ai mai labarai yana can lafiya lau. Mun yi kusan awa muna yi. Nace masa misalinka ya dace da Kawu, don kowa ya kalli idonsa ya san yana nan, hanyar fita ce ta toshe. Amma rediyon da ta faɗi ƙasa ba ta mai da mai labarai mafaɗaci, ba ta sa shi ya manta sunan 'ya'yansa kamar tsofaffinmu da ruɗewar tsufa ta kama. Kuma mai tiyata fa, in tashar tana ta watsa shiri lokacin da aka kashe rediyon, me ya sa bai dawo da labarin komai ba? Yace to tunawa a cikin rediyon take. Nace hali fa? Yace shi ma. Nace to in tunawa da hali da magana duk suna rediyo, me ya rage a tashar? Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, don ba ƙure shi nake so in yi ba, ni ma na yi imani akwai abin da ya rage, kawai dai misalin ba ya kai mu gare shi. Na roƙe shi mu sake yin hirar a naɗa, ya yarda.

Asabar, 3 Mayu

Duk wanda ya taɓa jiran trotro, motar hayarmu, a tashar 37 ta Accra da magariba ya san jemagun nan, dubbai, suna tashi daga bishiyoyi har sama ta yi duhu. Da su na buɗe darasi na 6, don Thomas Nagel a 1974 da jemage ya kafa tasa hujjar. Namu na 37 masu cin 'ya'yan itace ne, da ido da hanci suke aiki, nasa kuwa ƙananan nan ne da ke fitar da ƙara su saurari dawowarta su gane inda ƙwaro yake a cikin duhu. Yace ko ka san kowace jijiya a kan jemagen, ba ka san yadda duniya take a wajen shi jemagen ba, iyakarka ka ƙaddara kanka kana rataye ƙafa a sama, wannan kuwa kai ne ba shi ba.

David Chalmers ɗan Ostireliya ya ɗora a kai a taron Tucson na 1994. Yace yadda ƙwaƙwalwa ke gane launi, ta ajiye labari, ta juya hannu, duk wahalarsu aiki ne da za a iya bin diddiginsa a cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke kanmu. Mai wuyar ita ce me ya sa ana wannan aikin kuma akwai wani a ciki da yake ji, me ya sa ba a yin shi cikin duhu babu kowa. Daniel Dennett, wanda ya rasu bara, ya ƙi yarda har ƙarshen rayuwarsa, yace in ka gama bayanin ayyukan babu sauran wani abu, ganin kamar akwai saura shi ma aikin ƙwaƙwalwa ne. Na kawo maganarsa da adalci iya iyawata amma ban bi shi ba. In an ce jin da nake yi ruɗi ne, ruɗin ma ai sai da wanda ake ruɗawa.

Ga inda masu sayans suke, don yaran da ke cewa an gama. A 1998 Christof Koch ya yi caca da Chalmers cewa cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa. A Yunin 2023 a New York ya amsa ya faɗi, ya biya da kwalaben giya. A makon nan ma mujallar Nature ta fitar da sakamakon gwajin da aka kara manyan ra'ayoyi biyu a kan mutum 256, ɗaya na cewa hayyaci yana samuwa ne idan labari ya bazu ko'ina a ƙwaƙwalwa har gaba ta shiga ciki, ɗayan na Giulio Tononi na cewa yawan haɗuwar sassa ne musamman ta baya, kuma babu wanda ya fita ba tare da rauni ba. Ra'ayin Tononin ma a 2023 masana 124 sun sa hannu a takarda suna cewa ba sayans ba ne. Masu abin kenan da kansu.

Asabar, 24 Mayu

Na taɓo Kwasi Wiredu ɗan Kumasi da Kwame Gyekye a taƙaice, duka sun koyar a Legon, duka sun rasu, Gyekye a 2019 Wiredu a 2022. Sun yi saɓani kan yadda mutanen ƙabilar Akan ke ganin mutum. Gyekye yace okra da sunsum, wato abin da suke kira rai da ruhin mutum a yarensu, ba jiki ba ne sam, Wiredu yace okra rabi-da-rabi ne tunda ana cewa bokaye suna ganinsa har yana da abincin da ba ya so, tunani kuma iyawa ce ba wani abu ne da ke zaune a ciki ba. Tsofaffinmu da ke cewa maye yana kama kurwa irin wannan hoton ne a kansu. Al'ada ce na kawo a matsayin al'ada, na wuce.

Wanda na fi damuwa da shi shi ne darasi na 8, kuma saboda shi na fara aikin tun asali. A 2006 Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila sun sa wata mata mai shekara 23 a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ta yi hatsarin mota tana kwance watanni, ido yana buɗewa amma ba ta amsa komai, likitoci sun ce ba ta cikin hayyacinta. Aka ce mata ta ƙaddara tana buga tanis, sai sashen da ke tsara motsi ya kama aiki. Aka ce ta ƙaddara tana zagaya ɗakunan gidanta, sai wani sashen daban ya kama, daidai yadda na masu lafiya ke yi. A 2010 aka yi amfani da wannan dabarar wani majiyyaci ya amsa tambayoyin e ko a'a. A 2024 wani babban bincike ya duba mutum 241 da ba sa amsa umarni a zahiri, aka samu 60 suna amsawa a ƙwaƙwalwa, wato ɗaya cikin huɗu.

Na faɗa da babbar murya cewa wannan ba ya nufin duk za su tashi, kuma ba don a ɗora wa iyalai laifi ba ne. Amma na sha gani a Zangon nan, mutum yana kwance ba ya motsi, a kansa ake lissafin kuɗin asibiti, a kansa ake gardamar wa zai riƙe shago, wani ma har yace ai wannan ya riga ya tafi. Mu ba mu da na'urar Owen a gefen gado, to tunda ba mu san wane ne cikin huɗun ba, dole mu ɗauka kowanne yana ji. A yi masa sallama, a gaya masa wa ya shigo, a faɗa masa kafin a juya shi, a karanta masa abin da ya saba ji, maganar kuɗi a fita da ita waje. Ƙanwata tace haka ake koya musu, su yi wa majiyyaci magana kafin su taɓa shi ko da bai amsa ba. Wannan darasin shi aka fi turawa gaba, wata Hajiya daga Mamobi ta aiko a tambaye ni ko za a yi shi da Dagbanci don surukarta, ina neman wanda zai karanta.

Asabar, 14 Yuni

Da niyyata in rufe da batun kwamfuta da ChatGPT don yara sun dame ni da tambayar ko yana ji, har na shirya misalin ɗakin Sinanci na John Searle na 1980, na mutumin da ke ba da amsa da Sinanci ta bin ƙa'idojin da aka rubuta masa alhali ba ya jin yaren. Amma babbar sallah ta canza min tsari. A layinmu na ga an kayar da rago ana yankawa, ɗayan yana ɗaure taku biyu yana kallo yana ja da baya har igiya ta shaƙe shi, yara suna dariya. To darasi na 9 na dabbobi ne, kwamfuta ta jira.

Abin da na tara zuwa yanzu: Descartes ya ɗauki dabba a matsayin inji mara tunani. A bin maganar Amo kuwa, tunda ji na jiki mai rai ne, ragon yana jin wuƙa. A Yulin 2012 wasu masana ƙwaƙwalwa sun taru a Kambirij sun fitar da sanarwa cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye har da dabbar tekun nan mai hannu takwas da ake kira octopus suna da kayan jijiyar da ke haifar da ji. Sannan hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Muslim, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Malam yace zai duba min abin da malaman fiƙihu suka ce kan wasa wuƙa a gaban dabba da yanka wata a gaban wata, in koma ranar Laraba. Ina kuma so in je kasuwar shanu ta Tulaku wajen Ashaiman in zauna da mahauta da masu kiwo, su suka fi kowa sanin yadda sa yake yi in ya ji warin jini, da muryarsu nake so darasin ya fara ba da tawa ba. Wanda yake da ɗan uwa a can da zai yarda a naɗe shi, ya yi min magana kafin ƙarshen wata.